GIDA A BISA TAYA: NA JA KO MAI INJI?

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda ke ba baƙo mamaki. Mutum ya kan yi shekara talatin yana aiki yana biyan bashin gida, ran da ya gama biya kuma ya ajiye aiki, sai ya sa gidan a kasuwa, ya rarraba wa 'ya'ya da jikoki kayan ɗaki, ya sayi wani gida mai taya, shi da matarsa su kama hanya. Duk inda dare ya riske su nan ne gida. In sanyi ya gabato sai su gangara kudu zuwa jihohin Arizona da Teksas da Fulorida, in zafi ya shigo su sake yin arewa. Saboda wannan kai da kawowa ne 'yan ƙasar su ke yi musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara.

Masu irin wannan gida ba kaɗan ba ne. A shekarar 2021 ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera shi ta bayyana cewa magidanta fiye da miliyan 11 ne suka mallake shi a Amurka. Mafi yawansu dai suna da gidajensu na ƙasa, sai lokacin hutu su ke fita da mai tayan. Amma akwai ɗaruruwan dubbai waɗanda ba su da wani muhalli sai shi. Ga irin waɗannan, da duk wanda ke shirin bin sahunsu, akwai tambaya guda wadda tilas a amsa ta kafin a sa hannu a takardar ciniki: shin gidan da a ke ja da wata mota za a saya, ko kuwa gidan da ke da injinsa a jikinsa? Tambayar kamar mai sauƙi, amma kuɗin da a ke magana a kai galibi gumin shekara da shekaru ne, wanda ya yi kuskure kuwa ba shi da sauran ƙuruciyar da zai sake tara wani.

TAYA TA BIYAR

Gidajen ja iri iri ne. Akwai waɗanda a ke maƙalawa a ƙugiyar bayan mota, su ne kuwa suka fi yawa. Amma wanda masu niyyar zaman dindindin suka fi sa wa ido shi ne babban, wanda a ke kira mai taya ta biyar. Duk wanda ya taɓa ganin kan tirela a tsaye ba tare da bodinsa ba, a Tafa ko Mararrabar Jos ko bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa, ya ga wani faifan ƙarfe mai tsaga a bayansa, baƙi ƙirin da giris. Wannan faifai shi ne taya ta biyar. A ƙarƙashin goshin bodin akwai wani gajeren turken ƙarfe, kaurinsa inci 2, wanda ke shiga cikin tsagar, haƙoran ƙarfe su datse shi. Da haka kai da bodi su ke haɗuwa, suna kuma iya juyawa a kan juna in an zo kwana.

Sunan ya samo asali ne tun zamanin keken doki. Keken doki mai taya huɗu yana da wani zoben ƙarfe a kwance bisa tayoyin gaba, wanda ke ba su damar karkata dama ko hagu ba tare da keken ya kife ba. Da ya ke zoben ya yi kama da taya, sai aka ce da shi ta biyar. A 1915 wani Ba'amurke mai suna Charles Martin ya fito da irin wannan mahaɗa domin manyan motoci. A ƙarshen shekarun 1920 kuma Glenn Curtiss, wanda ya shahara wajen ƙera jiragen sama, ya ƙera wani gidan ja mai suna Aerocar, wanda mahaɗarsa tayar jirgin sama ce aka kwantar a bayan mota domin ta riƙa shanye girgiza.

A yau a kan kafa faifan ne a tsakiyar bodin motar a-kori-kura, daidai bisa tayoyin baya, goshin gidan ya hau kansa. Wannan tsari yana da amfani biyu. Na farko, tun da nauyin ya sauka bisa tayoyi, gidan ba ya yawan wutsil-wutsil a bayan mota kamar yadda na ƙugiya ke yi in babbar mota ta wuce ko iska ta bugo daga gefe. Na biyu, goshin nan da ya hau bodi ɗaki ne sukutum, galibi ɗakin kwana, wanda a ke hawa da matakala uku ko huɗu. Tsawon gidan ya kan kama daga ƙafa 25 zuwa 45, tsayinsa kuwa ya kan kai ƙafa 13 da rabi. In an tsaya, sai a danna maɓalli wasu sassan bango su turo waje, falo ya ƙara faɗi. A ciki akwai madafa da firji da banɗaki da kujerun zama, a manyan ma har da injin wanki.

Sai dai a lura, a-kori-kurar da ke jan wannan kaya ba irin Fijo 404 ɗin nan da aka sani ba ce. Manya ne irin su Ford F-350 da Ram 3500 da Chevrolet Silverado 3500, masu shan man dizal, waɗansu da tayoyi huɗu a baya.

GIDA MAI INJI

Shi kuwa gida mai inji mota ce aka gina ɗakuna a cikinta, direba yana tashi daga kujerarsa ya taka zuwa gado ba tare da ya buɗe ƙofar waje ba. An kasa shi aji uku. Ajin A shi ne babba, siffarsa kamar safa, tsawonsa daga ƙafa 26 zuwa 45, mafi tsada a cikinsa kuwa su ne masu injin dizal a baya. Ajin B ƙaramar bas ce aka sa wa gado da murhu da ɗan banɗaki, tana shiga kusan duk inda ƙaramar mota ta shiga. Ajin C yana tsakani, kansa kan babbar mota ne, da wani ɗan wurin kwana da ya leƙo bisa kan direba. In ana maganar kishiyar mai taya ta biyar, ajin A a ke nufi, domin shi ne ya kama ƙafarsa wajen girma.

Tun 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya nuna wata mota mai wurin kwana da wurin wanke hannu, amma abin na attajirai ne kawai. Abubuwa biyu suka sauko da shi ga ma'aikaci. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin ƙasar. A 1966 kuma kamfanin Winnebago na garin Forest City a jihar Iowa ya fara ƙera gida mai inji yana sayarwa a kan kimanin rabin kuɗin da sauran kamfanoni ke nema. Nan da nan ciniki ya buɗe.

Daɗin bai daɗe ba. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin shekarar, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Wannan tashin farashi da ya cika baitulmalin Nijeriya shi ne ya durƙusar da masu ƙera gida mai inji. Cinikin Winnebago ya faɗi warwas, ya sallami ma'aikata masu yawa. Kamfanin General Motors, wanda ya fara ƙera nasa a 1973, ya daina a 1978. Tun daga lokacin kowa ya gane cewa arzikin gida mai inji a ɗaure ya ke da farashin mai.

MAGANAR KUƊI

A 'yan shekarun nan sabon gida mai taya ta biyar ya kan kama daga wajen dala 50,000 zuwa sama da 150,000. Sabon ajin A mai shan fetur ya kan fara daga wajen dala 150,000, mai dizal daga wajen 300,000, akwai ma waɗanda suka haura miliyan. Wanda ya duba waɗannan alƙaluma sai ya ce ai magana ta ƙare, na ja ya fi araha. Kasuwa ma haka ta nuna: cikin gidaje masu taya 600,240 da masana'antu suka fitar a 2021, kimanin 56,000 ne kawai masu inji, watau tara cikin goma na ja ne.

To, amma lissafin bai cika ba tukuna. Gidan ja ba ya motsi sai da motar da za ta ja shi, sabuwar a-kori-kura mai wannan ƙarfi kuwa ta kan ci dala 60,000 zuwa 90,000, wani lokaci fiye. Manomi ko magini wanda da ma yana da irinta a ƙofar gida ya riga ya biya rabin kuɗin. Malamin makaranta da ya yi ritaya da 'yar ƙaramar motarsa kuwa, abu biyu zai saya a rana ɗaya, sai ya tarar ratar da ke tsakanin na ja da mai inji ta ragu ƙwarai.

Shi ma mai gida mai inji yana da nasa ɓoyayyen kashin kuɗi. Ba wanda zai naɗe gida mai tsawon ƙafa 40, ya cire igiyar lantarki da tiyon ruwa, don kawai zai je kanti sayen burodi. Saboda haka galibinsu su kan ɗaura ƙaramar mota a baya su riƙa ja. Ke nan inji biyu ne a wuyansa, kowanne da juyen mai da inshora da haraji. Mai taya ta biyar inji ɗaya gare shi, sai dai da wannan ƙatuwar a-kori-kura zai je kasuwa da asibiti da wurin ibada, ya yi ta zagaye yana neman inda za ta shiga.

Wajen shan mai ba su da nisa da juna in suna bisa hanya. Ajin A ya kan yi mil 6 zuwa 10 da galan ɗaya, a-kori-kura mai jan gida ta kan ɗan fi haka kaɗan. Daga New York zuwa Los Angeles kimanin mil 2,800 ne. A kan mil 8 kowane galan, tafiyar za ta sha galan 350, watau fiye da lita 1,300, zuwa kaɗai ban da dawowa.

Babbar asara ba a gidan mai ta ke ba, a faɗuwar daraja ta ke. Gidan ƙasa galibi kuɗinsa ƙaruwa ya ke yi da shekaru. Gida mai taya kuwa tun ran da ya bar harabar dillali ya ke fara zubewa, alhali bankuna su kan ba da bashin sayensa na shekara 15 har 20 da kuɗin ruwa. A lokacin annobar korona, da mutane suka guji jiragen sama da otal-otal, an yi rububin saye har aka kai wancan adadi na 2021 wanda ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 abin da aka fitar ya sauko zuwa 313,174, kusan rabi. Da yawa cikin waɗanda suka saya da tsada sun wayi gari bashin da ke kansu ya fi kuɗin da za a taya gidan. Mutanen Elkhart a jihar Indiyana, inda a ke ƙera mafi yawan waɗannan gidaje, sun san wannan hawa da sauka. A 2009, bayan rikicin bashin gidaje, kusan mutum ɗaya cikin biyar na ma'aikatan yankin ba shi da aiki, har Shugaba Obama ya ziyarci garin a watan Fabrairu na shekarar.

A nan mai taya ta biyar yana da wata 'yar kariya. Dukiyarsa kashi biyu ce. In motar ta tsufa ya canja ta ya bar gidan, in gidan ya ishe shi ya canja shi ya bar motar, a-kori-kura mai dizal kuwa ba ta rasa mai saye a cikin manoma da 'yan kwangila. Mai gida mai inji ba shi da wannan dama, tilas ya sayar da duka ko ya riƙe duka.

RAN DA INJI YA TSAYA

Ba a sanin bambancin gidajen nan biyu sosai sai ran da inji ya tsaya. In ajin A ya lalace a hanya, sai an kira babbar motar janwe irin wadda ke jan safa da tirela. Ba kowane gareji ke karɓarsa ba, domin wani ba shi da ƙofar da zai shiga, wani ba shi da makanikin da ya san injin. In an sami garejin, ana iya yin kwanaki ko makonni ana jiran kayan gyara. A duk tsawon wannan lokaci ɗakin kwanan mutum da madafarsa da tufafinsa suna hannun makaniki. Waɗansu garejoji su kan bar masu shi su kwana a ciki da dare a harabarsu, in ba haka ba sai otal, ga tsoho da tsohuwa da magungunansu, wani lokaci har da kare.

In a-kori-kura ce ta lalace, kusan kowane ƙaramin gari a Amurka yana da wakilin Ford ko Chevrolet ko Ram. A kai ta can, gidan yana nan a zango da wutarsa da ruwansa, mai shi ya yi hayar ƙaramar mota kafin a gama. Wannan dalili kaɗai ya sa da yawa cikin masu zaman dindindin suka zaɓi na ja. Sai dai in a tsakiyar daji motar ta mutu, abu biyu za a janye, mai gida mai inji kuwa yana da ƙaramar motarsa a baya, sai ya kwance ta ya tafi neman taimako.

Akwai kuma ciwon da zama ke jawo wa inji. Motar da aka ajiye wata uku ko huɗu ba ta motsa ba, batir ya kan mutu, mai ya lalace a tanki, robobi su bushe su fara yoyo. Tayoyi ma su kan tsattsage da shekaru ko da ba su ci ba, shi ya sa a ke canja su bayan shekara biyar zuwa bakwai. Babban ajin A tayoyi shida ko takwas gare shi irin na manyan motoci, canja su gaba ɗaya dubban daloli ne. Wanda ya sayi gida mai inji ya kafe shi wuri ɗaya, ya biya kuɗin injin da ba ya amfani da shi, yana kuma biyan kuɗin lalacewarsa.

Abokin gaba ɗaya da suka yi tarayya a kansa shi ne ruwan sama. Rufin galibinsu shimfiɗar roba ce ko makamanciyarta, da ƙofofin iska da na'urar sanyaya ɗaki da aka huda aka liƙe. Girgizar hanya tana buɗe liƙin a hankali, ruwa ya shiga cikin bango ya ruɓar da katako ba a sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, shi ya sa masu wayo ba su sayen na hannu sai sun kawo gwani ya hau rufin ya duba.

NAUYI DA TUƘI

Kuskuren da ya fi jefa sababbin masu taya ta biyar cikin haɗari shi ne na nauyi. Kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin gidan bisa bodin motar ya ke sauka. Alal misali, gida mai nauyin laba 14,000, watau tan 6 da ɗoriya, zai ɗora wa motar wajen laba 2,800, ban da nauyin faifan kansa da mutane da kayansu. Ƙananan a-kori-kura da yawa ba su iya ɗaukar ko laba 2,000. Dillali ya kan faɗi nauyin da mota ke iya ja, wanda ya ke adadi ne babba mai daɗin ji, ya yi shiru game da wanda ta ke iya ɗauka, alhali yana nan a rubuce a jikin ƙofar direba. Sakamakon ya kan bayyana ne a gangaren duwatsun yammacin ƙasar, inda birki ke yin zafi ya saki, ko taya ta fashe. Maganin abin ba wuya: a tashoshin manyan motoci akwai sikeli, da kuɗi kaɗan a ke auna kowane sahun tayoyi dabam.

Haɗa gidan da mota ma yana son natsuwa. In haƙoran ba su datse turken sosai ba, da mota ta ja sai goshin gidan ya faɗo ya murƙushe bodin. Saboda haka ƙwararru su kan danne birkin gidan su ɗan ja kaɗan su gwada kafin su ɗage ƙafafun da gidan ke tsayawa a kai. In bodin motar gajere ne, kusurwar gidan tana iya fasa gilashin baya a kwana mai tsanani, sai an sa faifai mai zamewa. Ribas kuwa sai an koya, kuma ta sha haɗa miji da mata faɗa a zango, shi yana bisa sitiyari ita tana ƙasa tana nuni da hannu, maƙwabta suna kallo.

Ajin A ya fi sauƙin ribas tun da jiki ɗaya ne, amma yana da nasa. Direba yana zaune ne bisa tayoyin gaba ko gabansu, tilas ya saba da jinkirta kwana. Wutsiyar ta yi nisa da tayoyin baya, in an juya hagu sai ta share dama, ta kan kuwa taɓa famfon mai ko motar wani. In ƙaramar mota tana ɗaure a baya da tayoyinta huɗu a ƙasa, ba a yin ribas sam, wanda ya shiga hanyar da ba ta ɓullewa sai ya sauka ya kwance ta tukuna.

Game da lasin, a yawancin jihohi lasin ƙaramar mota ya isa muddin nauyi bai wuce laba 26,000 ba, watau kusan tan 12. Waɗansu jihohi suna da ƙarin sharaɗi. A Kalifoniya, mai jan gida mai taya ta biyar wanda ya wuce laba 15,000 sai ya sami lasin na musamman, haka ma mai tuƙa gida mai inji wanda ya wuce ƙafa 40.

Girma kuma yana rufe ƙofofi ga duka biyun. Zangunan da ke cikin gandayen daji na ƙasa an gina da yawansu ne tun zamanin da gidajen ke ƙanana, gurabensu gajeru ne. A gandun Glacier na jihar Montana, an hana duk abin hawan da ya wuce ƙafa 21 bin tsakiyar shahararriyar hanyar da ta ratsa duwatsun. Wanda ya sayar da gidansa don ya ga irin waɗannan wurare, ya kuma sayi mai ƙafa 42, zai riƙa kwana ne a nesa da abin da ya fito gani.

ZAMA KO TAFIYA

In aka tattara duk waɗannan, za a ga cewa tambayar ta koma ga abu ɗaya, watau kwana nawa mutum zai riƙa yi a wuri kafin ya tashi.

Ga wanda ke tashi bayan kwana biyu ko uku, gida mai inji ya fi. In ya iso zango sai ya danna maɓalli ƙafafun daidaitawa su sauka, ko ana ruwa ba sai ya fita ba. A hanya, in an tsaya gefe, ga banɗaki ga firji a bayan kujera. In dare ya yi ya kwana a harabar wani babban kanti, kamar yadda rassan Walmart da yawa su kan yarda, sa'an nan ya ji motsin da bai gamsu da shi ba, sai ya zauna bisa sitiyari ya ta da mota ya tafi ba tare da ya taka ƙasa ba. Mata masu tafiya su kaɗai suna ba wannan muhimmanci ƙwarai. Daɓensa kuma bai ɗaya ne, abin da ke da amfani ga mai ciwon gwiwa. Mai taya ta biyar kuwa kowane tashi da sauka aiki ne: ribas, sa wa tayoyi waigi, sauke ƙafafu, kwance mahaɗa. Jihohi da yawa kuma sun hana mutum zama cikin gidan ja yayin da a ke jansa, saboda haka iyali duka a cikin a-kori-kura za su yi tafiyar.

Ga wanda ke yin wata ɗaya ko uku a wuri, mai taya ta biyar ya fi. Ba a ba sitiyari da kujerun gaba wani kaso na ɗakin ba, rufin ya fi tsayi, wurin ajiya ya fi yawa, ba kuma ƙaton gilashin gaba da zai riƙa shigo da zafi da rana, da sanyi da dare. Shi ya sa ma'aikatan shimfiɗa bututun mai da ma'aikatan jinya masu kwangilar wata uku uku a asibitoci dabam dabam suka fi karkata gare shi. Haka ma da yawa cikin tsuntsayen ƙanƙara. Garin Quartzsite a hamadar Arizona mazaunansa wajen 2,400 ne a ƙidayar 2020, amma da sanyi ɗaruruwan dubban mutane ke sauka kewayensa, waɗansu su yanki takardar izinin zama a filin gwamnati daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu. Mai irin wannan zama tafiya biyu kawai ya ke yi a shekara, zuwa da komowa.

Akwai kuma waɗanda ba sha'awa ce ta fito da su ba. Bayan rikicin 2008 dattawa da yawa sun rasa gidajensu da ajiyarsu, suka koma zama cikin mota suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha, har kamfanin Amazon ya taɓa yin wani shiri mai suna CamperForce na ɗaukarsu aiki a rumbunansa gab da Kirsimeti. Labarinsu ne Jessica Bruder ta rubuta a littafinta Nomadland a 2017, fim ɗin da aka yi da shi kuma ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Su waɗannan tsohuwar bas ko tsohon ajin C su ke iya saye, abin da su ke dubawa kuwa shi ne wanda za su iya gyarawa da hannunsu.

Tsofaffin hannu a wannan rayuwa shawararsu ga sabon shiga ba ta canjawa. Ya yi hayar gida mai taya ya zauna a ciki mako biyu ko uku kafin ya sayar da na ƙasa. Ya fara da na hannu, domin wani ya riga ya ɗauke masa zafin faɗuwar daraja, kuma da wuya wanda mutum ya fara saya ya zama shi ne ya dace da shi. Ya zaɓi gidan ja tukuna kafin ya sayi motar da za ta ja shi, don kada ƙarfinta ya gaza. Sa'an nan shi da matarsa su ɗauki kalanda su rubuta, da gaskiya, inda su ke so su kasance a kowane wata na shekara mai zuwa. In sunayen garuruwa sun cika takardar, inji su ke bukata. In suna uku ko huɗu ne kawai, ɗaki su ke bukata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji Hausawa, amma gara a san kiwon tun kuɗin gida suna hannu.